Atiku Mai Tura Waƙa da Ɗalibar Jami'a

A Gwandu aka haifi Atiku, a gidan manoman shinkafa, amma tun yana saurayi kowa ya san fadama ba za ta riƙe shi ba. Kunnensa ya fi hannunsa aiki. In makaɗa suka zo biki a unguwa, washegari zai rera maka waƙar tun daga farko har ƙarshe, har da inda mawaƙin ya yi tari.

Da kaset ya fara. Yakan jera su a faranti ya zaga kasuwar Gwandu da ƙaramar rediyo rataye a kafaɗa. Da kaset ya mutu ya koma faifan sidi. Shi ma da ya mutu, sai ya sayar da ɗan maraƙinsa ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya tattara matarsa Laraba da 'ya'yansu suka koma Kalgo, ya kafa rumfa kusa da tasha. Yana cajin waya da hasken sola, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Bokonsa bai wuce firamare ba, saboda haka ba da sunan mawaƙi yake jera waƙoƙin ba. Akwai na direbobi, na amare, na masu girbi, akwai kuma wani rukuni da ya sa wa suna "na wanda aka ƙi".

Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbin gero, wata budurwa mai tabarau ta miƙo masa waya a sa mata caji. Ta zauna a bencinsa ta ajiye tulin takardu a cinya, ta yi tagumi.

"Ɗiyata, lahiya?" in ji Atiku. "Ko jarrabawa ta?"

Ta ce sunanta Ummulkhairi, digiri na biyu take yi a fannin tattalin arziki, kuma bincikenta a kan yadda mawaƙa ke samun abin hannu ta intanet ne. Kwana huɗu ke nan tana raba takardar tambayoyi a Kalgo. Tambaya ta farko ita ce wace manhaja mutum yake biya duk wata don jin waƙa kai tsaye. Cikin mutum tamanin, biyu ne kawai suka gane tambayar, ɗaya kuma ɗan ajinsu ne.

Atiku ya yi dariya har ya dafa tebur.

"To ai ga manhajar nan gabanki," ya nuna ƙirjinsa. "Wa zai ƙona data a kan waƙa, ga sabis na zuwa shina ɗaukewa? Aje takardun nan. Zauna nan har la'asar ki sha kallo."

Ta zauna. Ta ga direba ya tsaya ko injin bai kashe ba, ya ce a zuba masa masu hana barci. Ta ga wata tsohuwa daga Diggi ta kwance memori daga bakin zane, ta ce jikarta za a aurar. Atiku bai tambaye ta komai ba, ya cika mata. Ummulkhairi tana ta rubutu a bayan takardun da aka ƙi cikewa.

Wajen azahar wani dogon mutum ya sauka daga babur da zakara a hannu, ƙafafunsa a ɗaure. Shamsuddeen ke nan, mawaƙin biki daga Dalijan. Ya ajiye zakaran a gindin tebur, ya miƙa wa Atiku wayarsa.

"Sabuwa ta, Kawu. Duk wanda yaz zo a saka mai ita, ko bai tambaya ba."

Ummulkhairi ta cire tabarau. Ta ce, "Malam, kai ne mai waƙar, kuma kai ne ka kawo zakara?"

Shamsuddeen ya dube ta kamar ta tambaya ko ruwa na jiƙa mutum. Ya ce in waƙar ta shiga wayoyi ɗari uku, kafin ƙaramar salla an kira shi biki goma. A wurin biki ake yi masa liƙi, a can yake samun shinkafa da tufafi, wani lokaci har tunkiya. Waƙar da ke cikin waya ba ita ce hajar ba, ita ce mai kiran mutane.

A duk littattafan da ta karanta, mai saurare ne ke biya, mawaƙi ya karɓa. Ta koma makaranta ta shaida wa Dakta Aminu, malamin da ke duba aikinta, cewa za ta sauya akalar binciken. Ya yi ɗan gunaguni a kan lokaci, sannan ya ce ta je ta kawo hujja.

Wata biyar ta yi tana zuwa rumfar. Atiku ya haɗa ta da abokan sana'arsa na Gwandu da Ceberu, yana kiran kowa a waya yana cewa, "Ɗiyata na nan tahe, ka hwaɗa mata gaskiya." Laraba kuwa ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta, duk zuwa sai ta ɗura mata fura, tana faɗan cewa karatu ya tsotse ta.

Sau ɗaya suka saɓa. Ta zo da babi na biyu tana karanta masa tana fassarawa, sai ta kai inda aka kira irin sana'arsa satar fasaha. Atiku ya rage sautin lasifika.

"Sata? Ni?"

"Baba, haka masana suke kiranta. Ba ni na ƙirƙira ba."

"Shekara ashirin da shida ina wagga sana'a, ko allura ban taɓa ɗauka ba. Masanan nan sun taɓa zama bencin nan?"

Ta san ba su taɓa ba. Shi kuwa ya tura wa mutum biyu waƙa ba tare da ya yi musu barkwancin da ya saba ba. Can ya ce, "Tai ki tambayi masu waƙar da kansu. Abin da sunka ce shi za ki rubutawa."

Ta tambayi goma sha ɗaya. Bakwai suka ce Atiku ne gidan rediyonsu. Huɗu kuwa, waɗanda suke biyan situdiyo a birni suna ɗora waƙoƙinsu a intanet, suka ce gaskiya ana cutarsu, don kowace waya da aka cika a rumfa mai saurare ɗaya ne ya tafi. Ummulkhairi ta ji nauyin kawo masa wannan amsa, amma ta kawo.

Atiku ya saurara har ƙarshe. Ya karɓi lambobin mutum huɗun, ya kira su ɗaya bayan ɗaya a gabanta, ya gabatar da kansa, ya nemi afuwa, ya tambayi abin da suke so. Biyu suka ce ya ci gaba, amma sai waƙa ta yi wata guda da fita. Ɗaya ya ce a cire nasa, Atiku ya goge su nan take. Na huɗun ya yi ta mamakin wai har akwai mai tura waƙa da ke neman izini, suka ɓuge da hira, har ya yi alkawarin in ya biyo ta Kalgo zai tsaya su gaisa. Ya kuwa tsaya, ranar tasha ta cika maƙil.

Ranar da za ta kare kundinta a gaban malamai, Ummulkhairi ta roƙi Dakta Aminu a bar Atiku ya shiga. Ya zo da farar shadda da Laraba ta kai wa mai guga tun jiya, ya zauna a kujerar baya ya ɗora hannuwa a gwiwa. Da Turanci aka yi komai. Bai ji ko kalma ba sai sunansa, wanda ya ƙirga an ambata sau tara.

Wani farfesa mai furfura da aka gayyato daga wata jami'a ya matsa mata da tambaya a kan dalilin da zai sa mawaƙi ya ba da waƙarsa kyauta. Ta amsa, amma bai gamsu ba. Sai ya juya da Hausa ya ce, "Malam Atiku, kai me ka gani?"

Atiku ya miƙe ya gyara hula. "Ranka shi daɗe, mai tuyar ƙosai a tasharmu ba ta sai da ƙamshi. Amma shi ka kawo mata mutane. Sai dai akwai wanda ƙamshin shi ne hajarshi, kamar mai turare. Shi wannan in ka shaƙa ka wuce, ka cuce shi. Mawaƙanmu iri biyu na. Ni ma sai bana nig gane."

Farfesan ya ɗauki biro ya rubuta, ya ce wa Ummulkhairi ta sa wannan a babin ƙarshe da sunan mai shi. Ta ci, da gyara kaɗan.

Da aka fito, Atiku ya ƙi tsayawa cin abincin da aka shirya, ya ce ya bar rumfa a rufe kuma ranar kasuwa ce. Ummulkhairi ta raka shi bakin titi. Yanzu tana koyarwa a Birnin Kebbi, kuma duk shekara tana turo masa ɗalibai biyu ko uku. Atiku ya sa kafinta ya ƙara wa rumfar inuwa, ya kuma kafa musu doka ɗaya: ranar farko ba a tambaya, kallo kawai ake yi.