Ruwan da Ke Hucewa a Rufin Safa

Hajiya Mastura ba ta yarda da ruwan da ba ita ta dafa ba. Matan unguwar Sa'alaba ta Jidda duk sun san haka, domin kusan kowane gidan Hausawa a unguwar akwai wadda ta yi wa wankan jego. A Mai Wurno ta Sudan aka haife ta, ta zo Jidda da mijinta tana amarya, ya rasu ya bar ta da ɗaki ɗaya da ƙatuwar tukunya. Da tukunyar nan ta riƙe kanta. In mace ta haihu a aiko mata, ta tafi da ganyen darbejiya, ta tare a gidan har a yi arba'in.

Rashin yardar yana da mafari. Tana sabuwar shiga aikin, wata mai jego ta sa 'yar aikinta ta riƙa sirka ruwan a ɓoye saboda tsoron zafi. Daga baya ƙafafun matar suka kumbura, dangin miji suka ce Mastura ba ta iya ba. Tun ranar ta daina juya wa ruwa baya. Ko bayi za ta shiga sai ta ɗora tire a bakin tukunya, ta aza cokali a karkace, don ta gane in an taɓa.

A Janairun bara 'yar ƙanenta Rahma ta haifi ɗanta na fari a unguwar Safa, can hawan ƙarshe na wani bene. Mijin Rahma, Muath, haihuwar Jidda ne, yana jin Hausa amma bakinsa ya fi saurin Larabci. Shi ya hau da Mastura kan rufin, ya nuna mata wani baƙin baho na roba mai faɗin tabarma biyu, wanda ake hura wa iska, da murfi a kansa, da inji a gefensa yana gurnani.

"Jakuzi ne, ya Amma. Shi ke dafa ruwan da kansa. Halas, shi ke nan, ba ke ba ɗaukar tukunya."

Mastura ta zagaya shi, ta danna da yatsa, ta shinshina.

"Ɗan nan, sabo ka saya ko na hannu?"

"Wallahi jadid, sabo fil."

"To ina kwalin?"

Sai da ya sauka ya kawo mata kwalin. Duk da haka ta ce Rahma ba za ta zauna a ciki ba, ba a jiƙa mai jego kamar wanki. Za ta riƙa ɗiba a bokiti ta kai banɗaki, tunda tukunyar lantarkin gidan ƙarama ce, ba ta cika bokiti biyu take ƙarewa.

Da yamma ruwan ya yi ɗumi daidai gwargwado. Amma da safe, da ta tsoma gwiwar hannu, sai ta ji shi salam. Sanyin Jidda ba wani sanyi ba ne in aka gwada da na garin Ɗa'if da ke kan duwatsu, sai dai a watan nan akwai wata iska da ke tasowa daga arewa kafin fitowar rana, kuma rufin bene ba abin da ke tare ta. Mastura ba ta kawo iska a ranta ba. Mutum ta kawo.

Da Muath ta fara. Ta ce wa Rahma yana kashe injin in sun kwanta. Rahma ta ce, "Haba Gwaggo, shi fa ya sayo." Mastura ta ɗaura zare a kan makunnin, washegari ta tarar da shi yadda ta ɗaura, ruwa kuwa ya huce. Ta koma kan mai gadin benen, wai yana yanke wutar rufi. Aka kira shi ya rantse, ya nuna ba shi da ma makullin akwatin wutar. Bai ƙara gaishe ta ba.

Saura mutum ɗaya. Rufin na gida biyu ne, su da maƙwabciyarsu Ghada, wata Balarabiya Bahijaziya mai 'ya'ya da yawa da ke shanya a can. Mastura ta lura kullum hannun Ghada jawur yake, kamar na wanda ya yi wanki da ruwan zafi.

"Ɗiba take tana mayar da na famfo," ta ce wa Rahma tana matsa mata baya.

"Gwaggo, tana da injin wanki."

"Injin wanki ya hana kwaɗayi?"

Bayan magariba ta ɗauki garin fulawa ta barbaɗa shi siriri kewaye da bahon. Da hantsi ta hau, sai ga sawun silifa ƙarami, ya zo har gindin bahon, ya zagaya rabi, ya koma wajen igiyar shanya. Ba fushi kaɗai ta ji ba, har da daɗin ta kama mai laifi. Ta zauna a kan bokiti ta jira.

Ghada ta hau da kwandon wanki. Mastura ba ta amsa sallamarta da kyau ba, ta nuna mata ƙasa. Larabcinta na Sudan ne, amma ya isa faɗa.

"Ƙafar wa ce wannan?"

Ghada ta dubi garin, ta dubi silifarta, fuskarta ta sauya.

"Tawa ce, ya Hajja. Tarko kika ɗana mini?"

"Me ya kai ki wajen ruwan mai jego?"

"Iska ta ɗage murfin, ya tsaya a karkace, tururi yana ta fita. Na rufe miki. Jiya ma ni na rufe." Ta ajiye kwandon da ƙarfi. "Ruwa zan sata? Ni?"

Mastura ta ce kowa ma haka zai ce. Ghada ta matso kusa. Ta kamo wuyan hannun tsohuwar, ta manna tafinta a jikin robar daga waje. Da ɗumi. Ta ja hannun ƙasa ta ɗora shi a kan simintin da ke gefe. Sanyi ƙalau, har cikin ƙashi.

"Ga inda zafinki yake tafiya. Ƙasa tana sha, iska tana kwasa. Mijina gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, gidana cike yake da tarkacensa. In kina so in kawo, in ba kya so ki ci gaba da zuba gari."

Mastura ta daɗe da hannu a kan simintin. Sannan ta ce a kawo ta gani, gani kawai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Muath ya zubar da ruwan, suka ɗage bahon. Ghada ta kawo faifan farin soso mai tauri, irin wanda ke zuwa a kwalin firji, suka jera a ƙasa biyu-biyu, suka shimfiɗa tsohuwar darduma a kai kafin a mayar da bahon. Ta kawo naɗin wata leda mai ƙyalli kamar azurfa da ake rufe bututu da ita, suka naɗe jikin bahon, suka manne bakin. Mastura ta ce sai an wanke ledar da sabulu tukuna, ba ta san inda ta kwana ba. Aka wanke. Ta ɗauko barguna biyu da ta zo da su daga Sa'alaba, ta ɗinke su da babbar allura suka zama riga, ta zura wa bahon. Da za ta lulluɓe injin ma, Ghada ta riƙe bargon.

"Wannan a bar shi ya sha iska, in ba gobara kike so ba."

Mastura ta dube ta, ta dubi Muath. Muath ya ce gaskiya ne. Ta saki, amma ta ce ta ji, tana kuma kallo.

Murfin suka ɗora wa wani bargon, suka ɗaure shi da igiya ta ƙasan bahon. Ta gefen arewa Muath ya rataya tsohon kafet a kan igiyar shanyar Ghada, wadda ta ba da ita ba tare da ta kalli kowa ba.

Da safe Mastura ta kwance igiya, ta ɗaga murfi, tururi ya doki fuskarta. Ta tsoma gwiwar hannu. Ta sauko ta ce wa Rahma ruwan ya kwana da zafinsa, amma har yanzu bai kai na jego ba, kuma tana zaton Muath ya sa a ɗaure injin don kada ya wuce wani mataki. Muath ya ce haka aka ƙera shi, don kada ya ƙona mutum. Ba ta yarda ba. Ta ci gaba da tafasa darbejiya a tukunyar girki tana ƙarawa a bokiti. Rahma, da ta san irin zafin da 'yan uwanta suka sha a hannun Gwaggo, ta riƙa gode wa Allah a ranta.

Mastura ba ta taɓa ba kowa haƙuri da baki ba, kuma ba ta fara a kan Ghada ba. Sai dai ana saura kaɗan a yi arba'in, ta dama kunun kanwa mai kauri, ta zuba a kwano, ta rufe, ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasu. Ghada ta buɗe rabi. Ta karɓi kwanon, ta ɗaga murfin, ta shinshina, ta dubi tsohuwar daga sama har ƙasa.

"Me kika sa a ciki, ya Hajja?"

"Gero da kanwa."

"Shi ke nan?"

"Da ɗan yaji."

Ghada ta shiga ciki ta dawo da cokali biyu, ta miƙa mata ɗaya.

"Bismillah. Fara sha."

Mastura ta karɓa ta sha a tsaye a bakin ƙofa, ba ta ga laifin matar ba ko kaɗan.