Hukuncin Baba da Gonar Darini

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe Baba a Batsari, amma bara ya sake yanke hukunci, kuma a kanmu ya faɗa.

Baba alƙali ne a kotun ɗaukaka ƙara. Ba ya gaggawa. Ko ƙaramar shari'a ce sai ya tono abin da magabatansa suka yanke a irinta. Nakan tsokane shi: "Baba, kai ba ka da naka ra'ayin ne?" Sai ya yi dariya ya ce, "Uwata, hukunci huɗar farko ce. Mai zuwa bayanka layinka zai bi. In ka karkace, gonar duka ta karkace."

Ban gane nufinsa ba sai da maganar gonarmu ta Darini ta taso. Kakanmu ne ya aro ta wajen wani Malam Iro na Safana, kuma kowace kaka ana kai wa gidansa damin gero, shaidar cewa aro ce. Baba bai taɓa fashi ba. Da ya rasu, Yaya Sani ya ce wannan ƙauyanci ne, ya daina. Ranar da jikokin Malam Iro suka nemi gonarsu muka kafe cewa tamu ce, har magana ta kai babbar kotu.

Ina zaune a kotun lokacin da alƙali ya ce ba shi da ikon kauce wa abin da kotun sama ta taɓa yankewa a irin wannan shari'a: aro ba ya zama mallaka komai daɗewarsa. Ya karanto sunan wanda ya rubuta hukuncin. Sunan Baba ne.

Wallahi na ji haushin Baba, don gonar nan ke ci da gidanmu. Da muka gaya wa Inna, sai ta ce, "Oh ni, Malam! Ko a kabari ba za ka sassauta mana ba?" Tana dariya, hawaye na zuba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da yana raye. Na san ba rarrashi zai yi ba. Gyara zaman tabarau zai yi, ya tambayi wanda ya hana kai dami.

Da kakar bana Yaya Sani ya ɗaure damin gero a bayan babur ya nufi Safana, ba wanda ya aike shi. Ya dawo da izinin mu ci gaba da noma, aro kamar da. Allah Ya jiƙan Baba. Bai bar mana gona ba, amma layinsa muke bi, mu da alƙalan.