Rantsuwar Kawu Sale da Kifin Teku

Duk wanda ya taɓa sayar wa Kawu Sale wani abu a kasuwar Daura ya san gwiwarsa ta dama. Ƙotar fartanya ce, ko takalmi, ko sandar kiwo, sai ya ɗora a kanta ya tanƙwara, yana kallon mai kaya cikin ido. "In ta karye taka ce. In ba ta karye ba, mu yi ciniki." Ni ɗan ƙanwarsa ne, shekara tara ina bin sa Ikko da shanu a tirela, kuma ban taɓa ganin ya biya kuɗin da aka fara faɗa ba.

Kun tuna lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, kowa ya zama mai tambayar hukunci? To a lokacin ne Kawu ya jawo wa kansa. Yana majalisa yana ba da labarin mutanen da ya gani a bakin teku, suna wurga ƙugiya da doguwar sanda mai injin naɗe zare, sai taubashinsa Malam Idi ya tuntsire da dariya.

"Kai Sale! Kai da ko kwaɗo ba ka taɓa kamawa a tafki ba?"

"Wallahi ba ni ƙara cin kifi sai wanda na kama da hannuna a teku!"

Tsautsayi, Liman na zaune. Ya ce rantsuwa ta hau, in ya karya sai kaffara, ciyar da mutum goma.

"Goma, Allah gafarta Malam? Har su ƙoshi?"

"Har su ƙoshi."

Kawu kuwa da kifi, kun sani, ko tuwo ba ya masa daɗi in babu tarwaɗa a miya. Malam Idi, mugu, kowace ranar kasuwa sai ya sayo soyayye ya zauna daf da shi yana tsotsar ƙaya, yana cewa, "Bismilla mana, taubashi."

Da muka sauke shanu a Ikko, ya ja ni shagon wani Bayarabe mai kayan kamun kifi wanda ya iya Hausa. Sabuwar sanda da injinta kuɗin rago ce! Kawu ya yi salati ya nemi gwanjo. Aka miƙo masa wata mai tsawon mutum biyu, fentinta duk ya goge. Ya ɗora a gwiwa.

"Alhaji, don Allah!" in ji mai shago.

Sanda ta tanƙwaru kamar baka, ya saki, ta miƙe sarai. Ya sake, ta sake miƙewa. Ranar na fara ganin Kawu yana yi wa kayan sayarwa murmushi. A inji ne rowa ta kayar da shi. Mai shago ya ce ya ɗauki mai nauyin, wanda ruwan gishiri ba ya shiga cikinsa. Kawu ya zaɓi wani mai walƙiya mai araha.

Kwana biyu muka yi a bakin ruwa, mun kama leda uku da silifa ɗaya. Kafin mu iso Daura inji ya yi tsatsa, ko motsi ba ya yi. Me kuke tsammani ɗan fataken shanu zai yi? Ya buɗe shi ya ɗura masa man shanu, ya ajiye a ƙarƙashin gado. Da safe kiyashin unguwarmu kaf sun hallara. Inna Hajjo, matarsa, ta wurgo injin tsakar gida ta ce, "Ga mutum gomanka nan sun zo har da iyalansu."

Da muka sake zuwa Ikko, ya koma shagon ba kunya. Ya ɗauki mai nauyin, ya tsoma a gwangwanin ruwan teku, ya ce a bar shi nan sai ya dawo da wasu shanun. Gajiya kawai ta sa mai shago ya yarda. Bayan sati biyu inji na juyawa sumul, Kawu ya biya, amma sai da aka yi masa gyaran ƙugiya shida da dalma. Tun daga nan, in ya dawo daga ruwa, sai ya wanke injin da ruwan buta kafin ya wanke ƙafarsa.

Shekara uku, jama'a! Shekara uku babu kifi a bakinsa. Sai wata hantsi, ya tattare riga ya cusa a wando, ya maƙala jatan lande a ƙugiya ya wurga. Sanda ta tanƙware. Na ce, "Kawu, ja!"

"Rufe mani baki! Haka ake jan bijimi? Ka sakar mashi ya gaji!"

Ya saki, ya naɗe, ya saki, ya naɗe, igiyar ruwa ta tafi da hularsa bai waiwaya ba. Da kifin ya fito kan yashi, ya fi hannuna tsawo. Kawu ya yi kabbarar da ta sa masu yawo a bakin ruwa suka watse. Ni ma, ba na ɓoyewa, sai da na yi hawaye.

Bai ci a can ba. Kifi ya shiga kular ƙanƙara ya zauna a gaban mota, ni aka tura ni baya. A gida ya hana Inna sa gishiri, wai kifin da ya girma a ruwan gishiri da nasa ya zo. Aka kawo majalisa, ya zaunar da Malam Idi a gabansa, ya yi bismilla, ya kai loma. Ya tauna. Ya tsaya.

"Duk gishirin nan na teku, wannan bai sha ko ɗiso ba?"

Malam Idi ya yi dariya har ya ƙware. Kawu da kansa ya bubbuga masa baya, ya tura masa tsokar da ta fi kowace laushi, ya ce, "Ci dai, ni na kama."

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, Malam Idi ne ya kasa tsayawa da ƙafarsa, sai da muka riƙe shi. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa kura-kuransa, Ya haskaka kabarinsa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.