Tagogin da ke Cikin Wayar Auta

Ranar ƙarshe da gidan ya wuni lafiya ƙalau, Auta ta fara ta ne da faɗa da waya. Bayan asuba ta fito tsakar gida tana mita, wai tsohuwar nan ta sake kawo mata saƙo: a sabunta babbar manhajar da take aiki da ita, in ba haka ba nan gaba kaɗan wurin saƙonni zai daina buɗewa. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya ce ai kowane tsoho haka yake, sai ya yi ƙorafi ake tunawa da shi. Ta ce ta ji, kuma ta san da wa yake.

Wayar ta hannu ce, gefenta a fashe, cajinta ba ya kai la'asar. Auta ɗinkin labule take yi, a wani ɗan shago kusa da masu walda. Awo kuwa gado ta yi, don Baba aikin awon filaye ya yi har ya ajiye aiki, kuma shi ya koya mata kada ta yarda da ido. Abu ɗaya suka saɓa a kai. Shi mutumin biro ne, ita kuwa ba ta rubuta awo. In ta je gidan mutane, tana riƙe da tef a bakin taga sai ta danna waya ta aika wa kanta da murya, faɗi kaza, tsawo kaza. Daga nan ta sassauta murya ta ƙara nata: matar gidan ja take so, bangon kuma kore ne, Allah ya kyauta, kafintan da ya kafa tagar nan da yunwa ya yi aikin. Haka wayar ta cika da tagogin mutane.

Da hantsi ta kira Baba daga shago ta ce wayar ta ƙi, wai babu wuri. Ta goge hotuna har da na aminanta. Da azahar wayar ta ce sai caji ya wuce rabi, ga shi an ɗauke wuta, ta kai wa masu walda suka jona mata. Da la'asar ta dawo gida ta tarar da yayanta, wanda ya biyo gaida Mama daga wurin aiki. Ya ce ta daina wahalar da kanta, ta kai wa mai gyara ya yi mata filashin, a goge komai a zuba sabo. Ta ce masu gida sukan dawo bayan shekaru su ce a sake musu labule, a ina za ta samo awonsu?

"Ka taɓa min muryoyina ka gani, Yaya. Sai na ɗinka maka labule da wandunanka."

Da magariba ta ƙara goge wasu abubuwa, wayar ta yarda ta fara saukewa, ta tsaya a hanya. Da safe ta jona ta a ɗakin Baba, inda soket ɗin bai da matsala, ta ce kada kowa ya cire. Ta ɗauki labulen da za ta je ratayawa ta hau babur. Mota ta haɗa da su a mararraba. Kafin Baba ya isa asibiti an riga an rufe mata fuska.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, Baba ya buɗe wayar. Sabuntawar ba ta yiwu ba, muryoyin suna nan. Daga ranar, in ya idar da la'asar sai ya shiga ɗaki ya saurari taga ɗaya ko biyu. Ba ya wuce haka, don kada su ƙare da wuri. Wani lokaci yakan ji ta yi kuskure ta gyara, ya gyaɗa kai shi kaɗai. Amma duk buɗewa sai gargaɗin nan ya fito, kuma wa'adin yana matsowa.

Ya je da kansa wurin mai gyaran waya a bakin kasuwa. Mutumin ya ce abu ne mai yiwuwa. Za a fara kwashe muryoyin a ajiye a kwamfuta, a samar wa wayar wuri, a sabunta ta, sannan a mayar. Aikin wuni guda ne, sai an zauna a kai. Filashin ya fi sauri, shi ya sa mutane suka fi so, amma ba ya barin komai. Yaya ya ce Baba ba zai iya wuni a kan benci da ciwon gwiwa ba, shi zai kai. Baba ya yi masa bayani dalla-dalla a gaban Mama, ya sa ya maimaita. Ya maimaita daidai.

Wayar ta dawo tana ƙyalli, an canja mata har gilashi. Da Baba ya kunna ta yi masa maraba, ta ce ya zaɓi harshe. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ana cikin aikin ta mutu, tsofaffin wayoyi sukan yi haka. Mama ta ce ƙaddara ce. Baba ya ce Allah ya yi masa albarka, ya yi ƙoƙari.

Bayan kwanaki Baba ya koma kasuwa, ko akwai abin da ya rage a kwamfutar. Mai gyaran ya tashi ya ba shi kujera, yana kallonsa da mamaki.

"Baba, ai ban kwashe komai ba. Ɗanku cewa ya yi a goge. Na tuna masa maganarku, sai ya kira mahaifiyarsa a gabana, ita ma ta ce a goge."

Baba ya yi masa godiya, ya taka da ƙafa har gida duk da gwiwar. Ya sami Mama tana ninke wanki. Da ta ga fuskarsa ta ajiye zanen da ke hannunta, ba ta musa ba. Ta ce kullum da la'asar sai ta ji yarinyar tana magana a ɗakinsa, har ta taɓa tashi za ta zuba mata abinci. Ta ce shi ma yana ramewa, kowa yana gani.

"Da kin ce in rufe ƙofa," in ji shi.

"Ba ƙofa ba ce, Baban yara."

"To da kun faɗa min gaskiya. Kuka bar ni ina sa wa yaron albarka."

Ya juya ya shige ɗakinsa.

Rabon kayan Auta, shi kaɗai ya yi, bai nemi shawarar kowa ba. Keken ɗinkin ya ba maƙwabciyarta ta shago, da sharaɗin ta ƙarasa labulen da Auta ta bari a yanke, ta kai wa masu shi. Waɗanda ba a fara nasu ba aka mayar musu da yadinsu, don babu wanda ya san awon. Sutura ta tafi wurin ’ya’yan ’yan uwa. Wayar kuwa ya aika wa Yaya da ita a cikin ambulan, ba saƙo. Yaya ya dawo da ita, Baba ya sake mayarwa. A ƙarshe Mama ce ta sa ta a ƙasan akwatinta a kashe, kuma babu wanda ya sake tambayar inda take.