Kukumar Kawu a Hannun Akuya

Ni na jawo wa Kawu, ba kowa ba. Ƙanin mahaifiyata ne, tun yana saurayi yake goga kukuma a bukukuwan Taura, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida. Ni kuwa ina aiki a Dutse, ina haya a Limawa, ɗakina na jikin na wasu samari uku da suka gama jami'a a Kafin Hausa suka zo suka hana mu sakat da kiɗa.

Wai albam suke haɗawa, amma ba za a ga fuskarsu ba. Mawaƙan duk zanen katun ne: akuya mai tabarau, da yarinya mai hular kwano, da wani siriri mai kai kamar tulu. Kowace waƙa da baƙonta. Sun ɗauko mai gambara daga Kano, da wata mai waƙar Fulatanci, da mai jita daga Nijar, hatsin bara dai. Da na ji suna neman mai kukuma, wannan bakin nawa da ba ya shiru ya ce ai ina da kawu.

Sharaɗi ɗaya Kawu ya kafa. A wurinsu makaɗi ba ya shiga kiɗa sai ya ambaci maigidan da ya koya masa, ya yi masa addu'a. Samarin suka ce, "Ba komai, Baba, ka faɗi duk abin da kake so." Maigidan nasa ya daɗe da rasuwa, amma matarsa tana nan, tsohuwa tukuf. Kafin mu hau mota sai da Kawu ya je ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, sunan Maigida zai zaga duniya." Ranar ɗauka ya yi kusan minti uku yana ambato, da kunnena na ji.

Da albam ya fito na zauna na saurara. Kawu yana cikin waƙa ta bakwai. Akuyar nan ce ke riƙe da kukuma, sun yanko ɗan guntun kiɗan suna ta maimaita shi. Muryarsa babu ita sam.

Na buga musu ƙofa raina a ɓace. Babbansu ya ce, "Yaya, ambaton ya yi tsawo, mutane ba sa jira." Na ce su mayar. Ya ce abin da ya hau intanet ya hau. Na ce to su ba ni ainihin abin da suka ɗauka in kai wa tsohuwa. Suka kalli juna. Ashe sun goge, wai kwamfutarsu ta cika. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, amma faɗa ba ya dawo da abin da aka goge. Kawu ya riga ya ji labarin fitowar, ya kira ni sau biyu.

Ranar Juma'a na tafi Taura da niyyar in ja shi gefe in gaya masa. Na tarar ya sa an shimfiɗa tabarmi a gidan Inna bayan la'asar, 'ya'yan marigayin da jikoki duk sun hallara. Babu halin jan sa gefe. Na ciro waya na kunna.

Da akuya ta bayyana aka fashe da dariya, har da Kawu. Ya ce, "Ai kuwa ta iya riƙo." Sannan ya sunkuya wajen tsohuwa ya ce, "Inna, ki saurara, ƙila sun ajiye shi a ƙarshe ne don girmamawa."

Muka ji ta takwas, muka ji ta tara, har albam ya ƙare. Ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya dube ni, ya ce, "To, ɗana, juya ɗaya gefen kaset ɗin mana."

Inna ta gyara mayafi, ta matso da kunnenta kusa da wayar.