Irin Geron da Ba Mu Daka Ba

Wata safiya a bazarar da ta biyo bayan babban farin nan, shekara guda da fitowar naira, Baba ya hau rumbu ya sauko da damin irin gero, ya dire shi a gaban turmi. Ina 'yar shekara goma, amma na gane abin da ake ciki. A ƙauyenmu da ke kusa da Pauwa, iri ba abinci ba ne. Ko yunwa ta mayar da mu cin kwaɗon tafasa ba a taɓa shi, domin ranar da ya shiga turmi, gida ya tashi ke nan. Baba ya ce Inna ta sussuke, ta yi mana guzuri, Kaduna za mu koma. Samarin garinmu duk sun tafi can leburancin gini, suna dawowa da rediyo da wando mai faɗin ƙafa, suna yi wa garma kallon baƙuwa. "Ƙasar nan ta mutu," in ji Baba, "mu tahi tun muna da ƙahwa."

Inna ba ta yi musu ba, ba ta kuma daka ba. Yau ta ce kafaɗarta na ciwo, gobe ta ce taɓarya ta ɓace. Ni ce na tura taɓaryar ƙarƙashin harawar awaki, kuma har gobe ina alfahari da wannan aiki. Tsoro nake ji ƙwarai. Ban ga yadda zan bar makarantarmu mai aji biyu ba, da dandalin da muke gaɗa, da tsamiyar da muke jifa in mun dawo ɗiban itace.

Ana cikin wannan ja-in-ja wata Landiroba ta tsaya a bakin busasshen tafkinmu, inda a da muke wanke-wanke muna gina shanun laka. Mai ita Malam Isiyaku ne, malamin jami'a, siriri mai tabarau, wanda ke binciken yadda ruwa da fari suka yi ta karɓa-karɓa a ƙasar Hausa tun kafin kakannin kakanni. Ya nemi masu haƙa, Baba kuwa mai haƙar rijiya ne da rani, sai ya ɗaga tafiya ya karɓi aikin. Gari ya sami abin dariya. Kowa na haƙa neman ruwa, shi wannan laka yake ƙullawa a leda yana lallaɓa ta kamar jaririya. Mu yara muka raɗa masa Malam Mai Laka, ya ji, ya kuma riƙa amsawa.

Da ramin ya wuce tsayin mutum, ya kankare bangonsa sumul, ya aika a kira kowa, har mata. Muka yi layi muna leƙawa. Can ƙasa baƙar laka ce da ɓawon katantanwa da gawayi da tsingaron tukwane. A samanta farin yashi ne mai kauri, fayau, babu ko ɓurɓushin komai. A saman yashin kuma baƙar laka ta dawo, da wani tsingaron. Ya ce mutane sun zauna nan cikin ruwa, fari ya zo wanda ya fi namu daɗewa nesa ba kusa ba, sannan ruwa ya komo, hayaƙin girki ya sake tashi. Baba na cikin ramin, ya ciro tsingaro ɗaya daga ƙasa, ɗaya daga sama, ya jera su a tafin hannu.

"Malam, su na bisan nan jikokin na ƙasa ne?"

"Ban sani ba tukuna, Baba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Amma dubi zanen bakinsu."

Zanen iri ɗaya ne, na igiya da aka murza a ɗanyar laka. Baba ya daɗe yana kallo. Da ya dawo gida bai yi wa kowa bayani ba, ya saɓi damin ya mayar rumbu, sannan ya ce da ni, "Ke ɗiyar nan, je ki hiddo taɓaryar daga inda kika ɓoye ta." Da ruwan farko ya sauka muka fita shuka, shi yana sara, ni da Inna muna binne. A gonar nan ya tsufa, kusa da ita aka rufe shi.

Bayan shekaru ɗana ya dawo hutu daga jami'a yana ba ni labarin wani babban malami da ba a karatun tarihin ƙasa sai an bi ta kan aikinsa, wanda ɗalibansa suka bazu suna haƙa tafkuna har Nijar. Na ce ai Malam Mai Laka ne, ya sha furarmu.

Yanzu ruwa na sauka, amma bindiga ta kore mu. Daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa gonaki sun zama saura, muna raɓe a gari muna jin ƙanshin ƙasa in an yi yayyafi. Kewar gida na damuna, ba kaɗan ba. Sai dai in jikokina suka ce ba mai sake komawa can, ba na ɗaga murya, don ba su leƙa ramin nan ba. Ni na ga inda aka tashi, aka kuma dawo.