Hannun da Baba Ya Damƙa wa Fada

Har yau in na ji ana yabon fadan nan, tashi nake na bar wurin. Limamin Katolika ne, daga ƙungiyar nan tasu mai gina makarantu, kuma shi ne shugaban jami'arsu a kudu lokacin da na yi karatu a can.

Wata damina, tun ina sakandare, ya zo yankinmu duba gonakin gwajin gero, motarsa ta kafe a hanyar Kademi. Ya fake a zauren Baba, suka yini suna hira, don Hausa a bakinsa kamar ɗan Gaya. Baba malamin allo ne, ba ya saurin sakewa da baƙo, amma wannan ya kwanta masa a rai. Da na gama sakandare, fadan ya dawo ya ce a ba shi ni.

A gidanmu ba a tura ɗalibi haka kawai. Uba ne zai kama hannun ɗansa ya sa a hannun malami, ran sauka kuma malamin ya mayar da hannun inda ya karɓo shi. Haka Baba ya yi, a gaban abokansa malamai masu cewa ya kai ɗansa coci. Ya ce, "Malam, ga amana. Kai za ka dawo mini da shi."

Fadan ya ce, "Da kaina, in Allah ya yarda."

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya riƙe ni. Ya ware mana ɗakin salla mu ɗalibai Musulmi, da azumi ya sa ana ajiye mana abincin sahur. Ga motar ofis, amma a ƙafa yake zaga makaranta da takalminsa mai faci.

Ina shekarar ƙarshe na shiga ofishinsa, na tarar da wani a kujerar. Wai manyansa sun tura shi wata ƙasa, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Sabon ya yi ta mini bayani cewa alkawarin biyayya suke ɗauka, inda aka ce su je, can za su. To, tunda ya san ba shi ke da kansa ba, me ya kai shi karɓar hannuna? Ko sallama babu. Wallahi na ji an ci amanata.

Na gaya wa Baba, ya ce ƙuruciya ke damuna, malami ba ya barin makarantarsa. Shi gani yake jami'ar ta fadan ce, kamar yadda zaure yake nasa.

Ran walimar kammala karatuna ya shimfiɗa sabuwar tabarma kusa da buzunsa, ya hana kowa zama a kai. Malaman nan suka zo, har daga Toranke, suna cin waina suna satar kallon tabarmar. Bayan la'asar Baba ya naɗe ta da kansa. Na durƙusa na miƙa masa hannu.

Ya ce, "Bari mai amanar ya zo tukuna."

Bara Baba ya rasu, bai karɓa ba.